Naso ko Yoyo? Sharhi Kan Man da Ke Fita Daga Fok ɗin Keken Hawan Dutse

Wanda ya hau keken hawan dutse ya bi burji na awa guda ko biyu, ya dawo gida ya jingine shi, idan ya sunkuya ya dubi sandunan nan biyu masu sheƙi da ke saman tayar gaba, sau da yawa zai ga wani siririn zobe baƙi-baƙi ya zagaye kowace sanda, daidai inda nitsewarta ta tsaya. Ya sa yatsa ya shafo ya murza, sai ya ji maiƙo ne da ƙura. Daga nan mahaya suke rabuwa gida biyu. Akwai wanda gabansa zai faɗi, ya ce shi ke nan, an sayar masa da mataccen kaya. Akwai kuma wanda zai goge yatsan a wando ya ce ai ƙarfe ne, ya ci gaba da hawa har shekara ta zagayo. Na farkon yakan yi asarar kuɗin gyaran da bai zama dole ba. Na biyun shi ne zai sayi sabon fok, kuma shi na fi tausaya wa, don ba ya sanin ana yi masa ɓarna sai bayan an gama.

Kafin a yanke hukunci kan yoyo, sai an leƙa cikin fok ɗin. A kekunan da iyayenmu suka hau, irin su Raleigh da Phoenix, fok ƙarfe ne sandararre mai ƙafa biyu da ke riƙe da tayar gaba, ba ya motsi sai ranar da ya lanƙwashe. Na keken hawan dutse kuwa shokazoba ne, ƙanin wanda ke gaban babur. Sanduna biyu na sama, masu santsi kamar madubi, suna shiga suna fita cikin ƙafafu biyu na ƙasa, tamkar takobi da kubensa, don haka bari mu riƙa kiran na ƙasan kube. A fok mai daraja sandunan na alminiyam ne da aka yi wa rufi mai tauri, kuben kuma na maganiziyam saboda rashin nauyi. Kaurin sandar shi ne lambar da ake gani a jikin wasunsu, kamar na kamfanin Fox: 32, 34, 36, 38, 40, duk milimita ake nufi. Cikin kowane kube akwai bushin biyu da sandar ke zamewa a kansu. A bakinsa akwai sil na roba, leɓensa na waje yana share ƙura, na ciki yana mayar da mai. Ƙarƙashin sil ɗin kuma wani zoben soso ne da ke shan mai yana shafa wa sandar duk lokacin da ta wuce.

A ido ƙafafun biyu kamarsu ɗaya, amma kowace da aikinta. Ta hagu, a yawancin fok na zamani, ita ke ɗauke da sifirin, ko na ƙarfe ko na iskar da aka matse da famfo. Ta dama ita ke ɗauke da dampa, wato fistin da ke tura mai ta cikin ƙananan ƙofofi da siraran faya-fayan ƙarfe, don kada sifirin ɗin ya riƙa wurgo mutum sama kamar ƙwallo. Mai iri biyu ke nan a cikin fok guda. Akwai na dampa, tsinkakke, wanda ke killace a nasa ɗaki. Akwai kuma man santsi, mai ɗan kauri, da ke kwance a gindin kube, aikinsa kawai ya jiƙa bushin da soso. Yawan wannan na biyun shi ne abin al'ajabi. Wasu ƙirar Pike na kamfanin RockShox mililita 10 kacal ake zuba wa kowace ƙafa, ƙaramin cokalin shayi biyu ke nan. Wasu na Fox suna shan mililita 40 a ɓangaren dampa. Wannan ɗan tsiyayen shi ne kaɗai katangar da ke tsakanin bola da fok na ɗaruruwan daloli, wani ma sama da dala dubu.

Me ya kawo wannan rowar? Amsar tana cikin tarihin abin. Wasan hawan dutse da keke ya tashi ne a gundumar Marin ta jihar Kalifoniya a Amurka, kuma tun ranar farko maganar maiƙo take bin sa. Tseren gangara da su Charlie Kelly suka fara a 1976, wanda su Gary Fisher da Joe Breeze suka yi suna a cikinsa, an laƙaba masa Repack ne saboda birkin tsofaffin kekunan yakan ɗauki zafi har giris ɗinsa ya ƙone, sai an sake cusa wani bayan an sauko. A lokacin ba shokazoba ko ɗaya, gwiwar hannun mahayi ce ke shan duka. Sai a 1989 Paul Turner, wanda ya fito daga duniyar tseren babura, ya kafa RockShox ya fitar da RS-1, fok mai sifirin na iska da dampa na mai, wanda nitsewarsa ba ta wuce kimanin milimita 50 ba. A 1990, a garin Durango na jihar Kolorado, Greg Herbold ya ci gasar gangara ta duniya ta farko da shi, daga nan masu dariya suka yi shiru. Yau fok na tseren gangara yana nitsewa milimita 200.

Wajen 1997 kamfanin Marzocchi na Bolonya a Italiya, wanda shi ma a kan babura ya yi suna, ya kawo Bomber Z1, ya bi hanyar babur sak: ya cika kube da mai guda mai yawa, shi ne na dampa shi ne na santsi, wasu ƙirar suna shan fiye da mililita 100 a kowace ƙafa. Irin wannan fok yakan yi shekaru ba a buɗe shi ba, in ma ya yi ɗan yoyo akwai rara. Illarsa nauyi. Masu tsere kuwa giram-giram suke ƙirga nauyin kekensu, don haka a hankali masana'antu suka koma ga dampa rufaffe da ɗan mai a gindi. Sai batu na biyu, wanda a ganina ya fi na nauyi muhimmanci. Babur da mahayinsa suna da nauyin da in sil ya damƙe sanda tamau ba wanda zai ji. Keke kuwa kilo 12 ne zuwa 15. In aka matse sil ɗinsa yadda ko ɗigo ba zai fita ba, fok ɗin zai riƙa cijewa, ya ƙi motsi a kan ƙananan tsakuwa, sai ya haɗu da babban dutse ya nitse gaba ɗaya. Dole maƙera suka yi sulhu, suka yarda sandar ta riƙa fitowa da ɗan laushin mai a jikinta don ta yi santsi. Har kamfanin SKF na Suwidin, gwanayen boris da sil, aka jawo cikin harkar don a rage wannan cijewar. Ke nan ɗan maiƙon da aka gani a sanda yana cikin lissafin waɗanda suka ƙera ta.

A nan Hausa ta yi mana gata, don ta raba naso da yoyo. Sabon tulu yana naso, kuma nason ne ma ke sanyaya ruwan. Fasasshen tulu shi ke yoyo. Fok sabo, ko wanda aka yi wa sabis jiya, zai yi naso fiye da kullum a hawa biyu ko uku na farko, domin sosonsa cike yake da mai kuma an shafe sil da giris. Haka wanda aka kwana da shi a kife. Gwajin ba shi da wuya. A goge sandunan da tsumma mai tsabta har su bushe, a danna fok ɗin sau goma ko ashirin, a duba. In siririn zobe ne ya dawo, wanda sai an karkata kai ake ganin ƙyallinsa, lafiya lau. In kuwa mai ya taru a bakin sil kamar hawaye, ko ya gangaro ta bayan kube ya bar layi, ko ƙura ta daskare a wurin ta zama baƙin taɓo mai kauri, ko kuma ƙafa ɗaya ce kawai ke yi ɗayar na bushe, to wannan yoyo ne, kuma yana da dalili.

Dalilin da ya fi kowane yawa shi ne ƙura, ɗan hakin da aka raina. Kowace nitsewa, sandar tana shiga da ƙurar da ta manne a jikinta, sil ya share mafi yawa, kaɗan ta kuɓuce. A hawan awa guda a kan duwatsu fok yana motsi sau dubbai, sai kaɗan ɗin nan ta taru. Wata ta maƙale ƙarƙashin leɓen sil ta ɗaga shi, ta buɗe wa mai hanya. Wata ta wuce ta zauna cikin soso. Soson da aka sa don ya shafa mai, in ya bushe ya cika da yashi, ya zama samfefa ke nan, yana gurzar sandar a kowane motsi. Shi ya sa duk inda ƙura ta yi yawa, ko hamadar Yuta a Amurka ko hanyoyinmu a tsakiyar hunturu, sa'o'in hawa kafin sabis da aka rubuta a littafin fok suna yin yawa. Ƙurar hunturu ma ta fi sharri, don laushinta kamar garin fulawa, ba ramin da ba ta shiga. Duk mai babur ya san yadda take cinye sil ɗin shokazoba, alhali na babur ya fi na keke ƙarfi.

Abin haushi, mai tsabta ma bai tsira ba, in tsabtar tasa ta zama gyaran gangar Auzinawa. Injin feshin ruwa na wurin wankin mota, in aka saita bakinsa a kan sil, yana tura ruwa da yashi ciki da ƙarfin da hanya ba za ta taɓa yi ba. Ruwan ya gauraya da mai ya koma fari-fari kamar madara, santsinsa ya tafi. Fetur da kananzir, waɗanda masu gyara ke wanke komai da su, suna kumbura roba ko su busar da ita ta tsattsage, suna kuma wanke man da ke cikin soso. Ruwa a bokiti, ɗan sabulu mai sauƙi da tsumma mai laushi sun isa, sai a riƙa share bakin sil bayan kowane hawa. A shekarun 1990 fok da yawa suna zuwa da rigar roba mai ninki-ninki da ke rufe sandar, irin wadda ake gani a wasu babura. An daina yayinta ne da sil ya inganta, kuma an lura cewa in ruwa da yashi suka shiga ƙarƙashinta, nan suke zama a ɓoye suna ci. An gudu daga gara an faɗa gidan zago.

Sai rauni a jikin sandar kanta. Keke ya faɗi a kan dutse, ko an ɗora shi a bayan mota tare da wasu kekunan feda ta riƙa gogar sandar tun daga tasha har a isa. Ƙarzuwar da farce ke iya kamawa tana da baki mai kaifi da ke yanka leɓen sil duk wucewa, ramin nata kuma yana ɗebo mai daga ciki ya fito da shi kamar guga. Wanda ya sa sabon sil a kan irin wannan sanda ya zuba kuɗinsa a rijiya, bayan mako biyu zai dawo. Ƙaramin rauni yana gyaruwa: a goge tsinin da samfefa mafi laushi, a hankali kuma a wurin kaɗai, a wanke da sifirit, a cike ramin da gam mai ƙarfi irin na haɗi biyu ko ma jan farce, in ya bushe a sake gogewa har yatsa ya daina jin komai. Amma idan rufin sandar ne ya cinye, aka ga launinta ya koɗe a tsaye, baƙi ko ruwan zinaren ya koma farin alminiyam, to magana ta ƙare. Ko rufin Kashima mai tsada da kamfanin Miyaki na Japan ke yi wa Fox ba ya jure wa busasshen bushin. Kuma sandunan a matse suke da kafaɗar fok da bututun da ke shiga wuyan keke, yawanci gaba ɗaya ake sauya su.

Bushin da ya cinye shi ma yana jawo yoyo, don sandar za ta riƙa kaɗawa tana buɗe bakin sil ta gefe. A kama birkin gaba a tura keken gaba da baya, in ana jin ƙwas-ƙwas daga cikin kube, bayan an tabbata ba wuyan keken ba ne ya saki, to shi ne.

Akwai kuma yoyon da sil ba shi da laifi ko kaɗan a cikinsa, turo shi ake yi daga ciki. Kube rufaffen ɗaki ne mai iska. In an haɗa fok a gari mai sanyi a bakin teku, aka kai shi kan tsauni ko cikin zafin bazara, iskar ciki takan fi ta waje ƙarfi. Nauyin iska a bakin teku, a ma'aunin psi da ake auna iskar taya da shi, kimanin 14.7 ne, a tsayin mita 2,000 kuwa, kamar inda Durango take, ya sauko wajen 11.5. Ko hawa tudun Jos, mai tsayin kimanin mita 1,200, yana kawo ɗan bambanci. Wannan kaɗan ne, illarsa ita ce fok ya yi tauri ya kuma ƙara naso, kuma shi ya sa manyan fok na Fox da RockShox na 'yan shekarun nan suke zuwa da wasu 'yan maɓallai a bayan kube da ake dannawa iska ta fita. Waɗanda nasu ba shi da su sukan zura siririn maɗaurin roba irin na masu wayarin tsakanin sil da sanda har su ji fiss, amma sai an share wurin tas, in ba haka ba da hannunka ka tura yashin. Babbar matsalar ita ce in robar da ke riƙe iskar sifirin ta lalace. Iskar nan takan kai psi 60 zuwa 100, wani lokaci fiye. In ta tsiyaye cikin kuben hagu, tana feso mai ta bakin sil, har takan tumɓuke sil ɗin dungurungum ya hau kan sanda. Mutum ya mayar da shi, gobe ya sake tashi. Alamar da ke tona asiri ita ce fok ɗin yana rage iska da kansa.

Yoyon gindi shi ne mafi arha. A ƙasan kowace ƙafa akwai noti ko kusa mai ɗan washa da ke matsewa sau ɗaya ya toshe hanya. In an kwance aka mayar da tsohon, ko ba a ɗaure daidai ba, sai a wayi gari da ɗigo a ƙasa. Sabon washa ya kashe maganar. Sai dai a duba da kyau kada ya zama kuben ne ya tsage kusa da bakin gatari ko wurin ɗaura birki, don tsagaggen maganiziyam ba na liƙi ba ne, kuma hawa kansa ganganci ne da rai.

Mafi wayo a cikinsu shi ne yoyon da ba ya fitowa waje. A fok mai dampa irin Motion Control na RockShox, man dampa yana zaune ne cikin sandar sama ta dama, wani sil ne a gindinta ke riƙe da shi. In wannan ya gaji, man ya zurare cikin kube. Daga waje ba a ganin komai, amma maɓallin kulle fok ya daina kamawa, fok ɗin ya riƙa tsalle, sannan nitsewarsa ta ragu, ya riƙa tsayawa cak a rabin hanya kamar ya daki bango, domin mai ba ya matsuwa. Daga baya man da ya yi yawa ya nemi hanya ta sama, mai keken ya ɗora wa sil ɗin waje laifi. Dampa masu jakar roba, irin Charger na farko da RockShox ya fitar a 2013 da FIT na Fox, nasu ciwon kishiyar wannan ne, sukan tsotsi man santsi kaɗan-kaɗan har jakar ta kumbura. Da Fox ya ƙera dampar GRIP sai ya rungumi ƙaddara: ya bar mata ƙofar da take amayar da rarar mai ta koma kube, shi ya sa a wannan ɓangaren mai iri ɗaya ake zubawa ciki da waje. Dabara ce da ta burge ni, a yi wa yoyo hanya tunda ba a iya hana shi.

Duk wannan maganar dukiya ce. Inda ta zama maganar rai shi ne birki. Birkin faifai a ƙafar hagu yake ɗaure, a ƙasa, daidai inda man da ya gangaro ta bayan kube zai sauka. Takalmin birki yana shan mai kamar yadda gurasa ke sha, ɗigo kaɗan sun isa. Sai ka ji birki yana kuka kamar ana yanka akuya, ka matse iya ƙarfinka keken yana tafiya abinsa. A kan gangara wannan ba wasa ba ne. Faifan yana wankuwa da sifirit, amma takalmin da ya sha mai sai dai a jefar. Duk yoyon da ya doshi birki, a sauka daga keken sai an gyara.

Yanzu ga abin da ya sa na ce na fi tausayin mutum na biyu, don ni ma na taɓa zama shi. Na taɓa sayen keken gwanjo mai fok na iska, ƙafarsa ta hagu tana yoyo. Na yi ta gogewa ina cewa sai wata mai zuwa. Ana nan sai yoyon ya ragu, ya zo ya tsaya, sandar ta bushe ƙayau, na ji daɗi na ce Allah Ya kawo sauƙi. Da fok ɗin ya fara cijewa yana wani ƙiƙi-ƙiƙi, na kai wa wani dattijon bakanike mai gyaran babura, na ce, "Baba, da yana yoyo, amma ya warke da kansa, yanzu tauri kawai yake yi." Bai ce komai ba. Ya sa na fitar da iskar, ya sassauta notin ƙasa, ya ɗan buga, ya tara murfin gwangwani. Muka jira. Abin da ya fito bai cika rabin cokali ba, toka-toka mai ƙyalli-ƙyallin garin ƙarfe. Ya zaro soson da tsinke, ya fito baƙi ƙirin, a bushe, ya karye biyu a hannunsa. Ya juya sandar ya nuna mini wani farin layi mai tsawon yatsa a bayanta, inda ido ba ya kaiwa in tana cikin kube. Sannan ya ce, "Malam, ai ba warkewa ya yi ba, ƙarewa ya yi." Sil da soso da mai da na ƙi saya ba su kai kashi ɗaya cikin goma na abin da na yi asara ba.

Masu ƙera fok ba su ɓoye wannan ba. RockShox ya ce a buɗe kube a sauya man santsi duk bayan awa 50 na hawa, a yi babban sabis a awa 200 ga yawancin ƙirarsa. Fox ya ce awa 125 ko shekara guda, duk wanda ya riga zuwa, kuma dukkansu sun ce a gaggauta in ana hawa cikin ƙura ko taɓo. Wasu na ganin wannan dabarar sayar da mai ce. Ni ban ga haka ba, in aka tuna cokali biyu ne ke aikin. Mai hawa awa guda kullum zai cinye awa 50 kafin wata biyu. Kuma ƙaramin sabis ɗin bai fi ƙarfin mai haƙuri ba. Farkon komai a fitar da iskar sifirin duka, domin fok mai iska a ciki in aka kwance shi yana iya harbo ƙarfe a fuska. A cire taya da birki, a sassauta notocin gindi, a ɗan buga su da guduma mai kan roba har sandunan ciki su saki, a tsiyaye tsohon mai, a zare kube. A wanke ciki da sifirit, a jiƙa sabon soso da mai har ya ƙoshi, a shafa wa sil giris na shokazoba, a mayar da kube a hankali kada leɓen sil ya naɗe, a auna mai da sirinji a zuba ta ramin gindi, a sa sabon washa a ɗaure. Wanda ya saba ba ya wuce rabin awa.

Wajen mai ne ake yawan yin kasassaɓa. Lambar kauri da ake rubutawa a gora, 5 ko 10 ko 20, ba ma'auni ɗaya ba ne tsakanin kamfanoni, mai lamba 5 na wani yana iya kai mai lamba 7 na wani kauri. Man santsi yana da ɗan haƙuri, in an rasa na asali ana iya lallaɓawa da man shokazobar babur mai kyau. Dampa kuwa ba ya yafiya, in aka ba shi mai kauri sai ya yi nauyi kamar an jiƙa shi da zuma. Man birkin mota yana cin roba da fenti, kada ya kusanci fok. Baƙin man da aka juye daga inji, wanda wasu ke ɗiga wa sarƙa, yashi ne da ruwan ƙarfe. Zuba fiye da ƙima kuma, da sunan ƙauna, shi ma yana rage nitsewa ya turo sil.

Gaskiyar da ta shafi mafi yawan masu keke a kasuwanninmu kuwa ita ce, fok ɗinsu ba shi da man da zai yi yoyo tun asali. Kekunan gwanjo masu sauƙin kuɗi, da irin fok na SR Suntour XCT da makamantansa, sifirin ƙarfe ne da giris kawai a ciki, sandunan kuma ƙarfe ne mai rufin kurom. In aka ga wani jan ruwa yana fitowa daga irin wannan, ruwan sama ne ko na wanki da ya kwanta ciki ya yi tsatsa. Maganinsa a buɗe, a wanke, a busar, a sake cusa giris, kamar dai yadda mutanen Marin suka yi wa birkinsu. Amma a cikin tarin gwanjon nan akan yi dace da fok na gaske, wanda ke da bawul ɗin iska a saman ƙafar hagu da maɓallin juyawa ja a gindin ta dama, kuma sau da yawa mai sayarwa bai san abin da ke hannunsa ba. Irin wannan ya yi shekaru a ajiye kafin ya hau jirgin ruwa, ba wanda ya san ranar da aka buɗe shi.

In ka samu irinsa, mai karatu, kada ƙyallin sandar da bushewarta su ruɗe ka. Bi ta da farce daga sama har ƙasa, gaba da baya, ka leƙa bakin sil ko launi ya fara koɗewa, ka kama birki ka girgiza. In ya tsallake waɗannan ka saya, amma kada ka hau shi zuwa daji sai ka auna kaurin sandar, ka nemo sil da soso da washa daidai lambarta, an buɗe kuben a gabanka ka ga abin da ya fito.